Manajan Da Ya Sayi Ƙaryarsa Da Tsada

An yi wani mutum a ƙasar nan ta Amurka, ya 'yan uwa, babban manajan wata ƙungiyar ƙwallo, irin tasu da ake jifa da hannu. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi garinsa ba. Kuma kada ku yi mini fuskar salihai kamar ba ku san ƙwallon da nake nufi ba. Na ga yadda wasunku ke sallame azahar ranar Lahadi, takalmi a hannu, don kada a fara ba su.

Mutumin nan shekararsa arba'in da ɗaya, kuma Allah ya ba shi kai. Yana iya kallon ɗan wasa minti goma ya gaya maka abin da wani sai ya yi wata guda kafin ya gano. Matsalarsa ɗaya ce: yana son a faɗa. Idan masu sharhi a talabijin suka ce babu mai wayonsa a cikin manajoji talatin da biyu, sai ya sa a naɗa masa wurin, ya kalla sau uku a ofis.

Wanda ya kawo shi harkar wani dattijo ne, Orval Pruitt, shugaban masu zagaya jami'o'i suna duba 'yan wasa. Shekara talatin da huɗu Pruitt yana kan hanya da tsohuwar motarsa, yana kwana a ƙananan masaukai, yana rubutu a takarda ruwan ɗorawa, yana tofar da ɓawon 'ya'yan furen rana a kofi. Shi ya koya wa mutumin namu yadda ake kallon ƙafar ɗan wasa kafin a kalli hannunsa. Har ya zama manaja, Baba yake ce masa, shi kuma Pruitt yana ce masa ɗana.

To kun san ƙa'idar zaɓen sababbin 'yan wasa a ƙarshen Afrilu. Zagaye-zagaye ake yi, kuma a kowane zagaye ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa, zakara ya zo ƙarshe. Wanda yake son ya hau sama ya riga wasu, sai ya sayi gurbin da nasa guraben, na bana ko na baɗi. A shekarar, ƙungiyar mutumin namu ta ƙare a tsakiya, gurbinsu na goma sha huɗu.

Akwai kuwa wani yaro mai jifa, wato wanda ke raba wa 'yan wasa ƙwallo a fili, a wata jami'a ta kudu, sunansa Tavian Brisco. Mutumin namu ya gan shi a watan Nuwamba, ana tsuga ruwa, ya jefa ƙwallo yadi sittin ta faɗa hannun mai karɓa ba tare da ya rage gudu ba. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Yana cin abinci yana kallon hoton wasan yaron, yana aski yana kallonsa. A ransa ya riga ya ga kofin gasa, ya ga jerin gwano a tsakiyar gari, ya ga sunansa a jarida a matsayin wanda ya gano shi.

Son abu mai kyau laifi ne? Ba laifi ba ne. Ku dai biyo ni ku ga inda Shaiɗan ya shigo.

A watan Maris suka zauna a ɗakin da allon sunaye yake, bango guda cike da ƙananan alluna masu maganaɗisu, kowanne da sunan ɗan wasa. Mai ƙungiyar tana wurin, Madam Lorraine Kessel, tsohuwa mai shekara saba'in da ta gaji ƙungiyar daga mijinta, ba ta da yawan magana amma ba ta mantuwa. Manaja ya ce yana so ya hau gurbi na uku, wanda yake hannun wani manaja, Royce Gaffney.

Pruitt ya jawo takardar maki, wadda kowace ƙungiya ke auna darajar gurabe da ita. Gurbi na uku maki dubu biyu da ɗari biyu, nasu dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Cikon sai an ba da zaɓen farko na baɗi, wato gurbinsu na zagayen farko, ko na nawa ya faɗo.

Ya ce, "Ɗana, yaron nan mai kyau ne, ni ma ina son sa. Amma yana daɗewa da ƙwallo a hannu kafin ya jefa, sai ya shekara yana koyo. Kuma duba mini su sha ukun da ke gabanmu, wa ke neman mai jifa a cikinsu? Babu. Ka zauna a kujerarka ka sha kofi, yaron zai zo ya same ka."

Madam Kessel ta rufe jakarta ta ce, "Ba zan sa hannu a taɓa zaɓen baɗi ba sai na tabbata wani zai ɗauke shi kafin mu. Ka kawo mini hujja."

Hujja babu. Mutumin namu ya san babu. Ya koma ofis ya zauna yana kallon wayarsa, sai zuciya ta ce masa, ai watan Afrilu watan ƙarya ne a wannan sana'a, kowa ya sani. Kowane manaja yana raɗa wa 'yan jarida abin da ba haka ba don ya rikita abokan hamayya. Har yaba wa mai iya ta ake yi. Mene ne a ciki idan shi ma ya jefa guda ɗaya?

Sai ya kira wani ɗan jarida, Dunleavy, wanda duk ƙasar ke sauraronsa a kan zancen zaɓe.

Ya ce, "Dunleavy, zan ba ka wani abu, amma ba daga bakina ka ji ba. Mutanen gurbi na shida sun haukace a kan Brisco. Suna neman hawa na uku su ɗauke shi."

Dunleavy ya ce, "Ka tabbata, oga? Ba ka taɓa ba ni ruɓaɓɓen kaya ba."

"Kuma yau ma ban ba ka ba."

Ku lura, ya 'yan uwa. Wannan ƙaryar ba abokan hamayya ya yi wa ba. Matar da ta damƙa masa amanar ƙungiyarta ya yi wa, ta hannun ɗan jarida, don ta sake masa hannu.

Kafin la'asar labari ya fita. Kafin wayewar gari kowace tashar wasanni shi take yi. Masu kiran rediyo suna ihu a mota, wasu na cewa a hau, wasu na cewa a sayar da filin wasan ma in ya kama. Kwana biyu sai ga wayar Madam Kessel, ta ce ta gani, ya yi abin da ya dace. Ya ajiye waya ya tashi ya zagaya teburinsa yana dariya shi kaɗai. Wallahi daɗin da ya ji a ranar ya fi na cin wasa.

Yanzu ku buɗe kunne, nan ne wurin da nake so ku ji.

Bayan mako guda, wakilin Tavian ya kira shi ya ce, "Oga, in kana so ka motsa fa, na ji na shida suna zuwa." Ya yi murmushi, don ya san tushen maganar. Washegari kocin ƙungiyarsu ya shigo ya ce wani abokinsa ya gaya masa manajan na shida ya ci abinci da yaron a wani gidan gasasshen nama. Murmushin ya ɗan ragu. Kwana uku bayan haka wata jarida ta buga cewa mai ƙungiyar ta shida ya aika jirginsa na kansa an ɗauko yaron a ɓoye, har da lambar jirgin da lokacin da ya sauka.

Mutumin namu ya karanta sau biyu, ya ce a ransa, ni ban ce jirgi ba.

Ai kuwa bai ce ba. Bai ce gidan nama ba, bai ce jirgi ba. To daga ina suka fito? Sai girman kai ya ba shi amsa: kai fa gwani ne, ashe abin da ka ƙirƙira gaskiya ka harbo ba ka sani ba. Lallai suna son yaron, kuma sun riga ka nisa. Daga ranar tsoro ya kama shi da gaske. Mutumin da ya kunna wutar da hannunsa, shi ne ya fi kowa gudun hayaƙin.

Ana saura kwana huɗu zaɓe, Pruitt ya shigo ofishinsa ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Masu duba 'yan wasan na shida na san su tun kana firamare. Mai tsaron baya suke nema, ko makaho ya gani. Ranar da yaron nan ya yi gwaji a jami'arsu mutum ɗaya suka turo, shi ma sanwici ya zo ci."

Manaja ya ce, "Ɓoyewa suke yi, Baba. Jirgin fa?"

"Jirgi ba ni na gan shi ba, kai ma ba ka gan shi ba." Dattijon ya zuba masa ido. "Ɗana, zan tambaye ka sau ɗaya. Ka san wanda ya fara wannan maganar?"

Ya 'yan uwa, ga ƙofa Allah ya buɗe masa. Su biyu ne a ɗaki, kuma mutumin da ke tambayar ba zai taɓa tona shi ba. Da ya ce, Baba, ni ne, da sun zauna sun warware zaren tun daga farko, da sun ga cewa duk bakin da ya kawo labarin a wuri ɗaya ya sha. Amma kunya ta hana shi, kuma ƙarya ta farko tana bukatar ta biyu ta tsaya mata.

Ya ce, "Na rantse ban sani ba."

Pruitt ya gyaɗa kai, ya ɗauki kofinsa ya fita.

Ranar Alhamis ta zo, ranar zaɓe. Tun da hantsi magoya baya suka cika filin ajiye motoci, suna gasa nama, suna sanye da rigunan ƙungiya, wasu har sun rubuta sunan Brisco a bayan tsofaffin rigunansu da tef. A cikin ɗakin zaɓe mutum ashirin da wani abu, wayoyi goma sha biyu a jere a tebur, kwalayen fiza da fukafukan kaji ba wanda ya taɓa su. Madam Kessel tana ƙarshen tebur da jakarta a cinya. Babban agogo yana bango.

Na farko suka zaɓa, ba Brisco ba. Na biyu suka zaɓa, ba Brisco ba. Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Agogo ya koma minti goma da ake ba kowace ƙungiya ta zaɓa, aka ce layi ya zo kan Gaffney, sai ga wayar tsakiya ta yi ƙara.

Gaffney mutum ne mai magana a hankali kamar wanda bai taɓa sauri ba a rayuwarsa. Ya ce, "Abokina, ya gida? Ga ni da wani a ɗaya wayar, amma na ce bari in fara jin ta bakinka, don zumunci."

Manaja ya ce, "Na sha huɗu, da zaɓen farko na baɗi. Kamar yadda muka yi magana."

"Wannan maganar Maris ce. Yanzu Afrilu muke."

Saura minti takwas. Gaffney ya ce a ƙara zagaye na biyu na bana. Manaja ya ce an ƙara. Gaffney ya ce ya ɗan riƙe, ya bar shi da shiru a kunne na tsawon daƙiƙa arba'in, gumi yana bin wuyan rigarsa. Da ya dawo ya ce wancan ɗin ya ƙara, don haka sai an haɗa da zaɓen farko na shekara mai bin baɗi. Minti biyar. Pruitt yana ta lissafi a takardarsa, ya turo masa: sun riga sun kusa ninka farashi. Manaja ya ture takardar da bayan hannu ya ce an ƙara.

Minti uku. Gaffney ya yi gyaran murya ya ce, "Saura abu ɗaya ƙarami. Ka ba ni Hollis."

Hollis shi ne ƙaton da ke tsaye a gefen hagu na masu kare mai jifa, wanda ke tsare masa bayansa, ɓangaren da ba ya gani. Shekara goma sha ɗaya yana wurin, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Pruitt ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba a ɗakin zaɓe. Ya ce, "Ɗana, ajiye wayar nan. Ƙofar gida za ka cire ka sayar ka sayo talabijin. Wa zai tsare yaron? Kuma da me za ka sayo wani, tunda ka ba da zaɓen shekara biyu?"

Madam Kessel ta dubi manajanta ta ce, "Ka tabbata na shida za su ɗauke shi?"

Ya ce, "Na tabbata, Madam." Kuma abin tsoron, a wannan lokacin da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya juya ga Pruitt a gaban kowa ya ce, "Baba, zauna. Zamanin takarda ruwan ɗorawa ya wuce."

Saura daƙiƙa hamsin ya ce wa Gaffney, "An gama."

Ya 'yan uwa, ku zo ku ga murna. Aka kira ofishin hukumar wasan aka tabbatar, aka miƙa katin da sunan Tavian Brisco. Ɗaki ya kaure da tafi, manya da furfura suna rungumar juna, koci ya ɗaga manaja sama. A waje filin motoci ya rikice, ana busa ƙaho, ana jifa da huluna. Manaja ya kira yaron ya ce, "Tavian, ka shirya zama namu?" A wayar ana jin mahaifiyar yaron tana kuka tana godiya ga Allah. A talabijin wani mai sharhi ya ce wannan shi ne namijin manaja, wanda ya san abin da yake so. Ya sa aka naɗa masa wurin.

Ana cikin wannan aka zo gurbi na shida. Ba su yi minti ɗaya ba suka miƙa kati, mai tsaron baya, aka hasko ɗakinsu suna ta tsalle kamar waɗanda suka samu abin da suka shekara suna jira. Ba fuskar wanda aka ƙwace wa abu ko ɗaya. Mutumin namu ya gani, sai ya kawar da kai ya karɓi wani tafin hannun.

Hollis kuwa a talabijin ya ji an sayar da shi, yana zaune da iyalinsa. Ba wanda ya tuna ya kira shi sai washegari.

Kun san a wannan sana'a makon da ke bin zaɓe ake sallamar masu duba 'yan wasa, bayan an gama tatse aikinsu na shekara. Ranar Talata aka ba Pruitt takarda. Manaja bai iya shiga ya gaya masa da bakinsa ba, don duk lokacin da ya ga fuskar dattijon sai ya tuna rantsuwar nan. Shekara talatin da huɗu suka shiga kwali biyu.

Satumba ta zo, kuma wasan farko ya yi daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Tavian ya jefa uku aka ci, fili ya ɗauki sunansa. Mako na biyu ma suka ci. Manaja yana tafiya a gari mutane suna biya masa kuɗin kofi.

Daga nan sauran ƙungiyoyi suka gano inda ƙofa take a buɗe. Wanda aka sa a madadin Hollis yana iya ƙoƙarinsa, amma ba Hollis ba ne. Kowace Lahadi ƙartai suna shigowa ta hagu suna maka yaron da ƙasa, sau biyar, sau bakwai. Yaron da ke buƙatar shekara guda yana koyo, aka jefa shi yana koyo a kwance. Ya fara jifa da tsoro, ya fara jin takun mutane ko babu kowa. A mako na tara wani ya zo ta bayansa, daidai wurin da Hollis zai tsaya, ya ɗaga shi ya sauke a kan kafaɗar dama. Fili mai mutum dubu saba'in ya yi shiru har ana jin motar da ta shigo ɗaukarsa.

Ba su ƙara cin wasa ba. Biyu suka ci, goma sha biyar aka cinye su, suka ƙare na ƙarshe a cikin talatin da biyu.

To a wannan wasa na ƙarshe yana da abin share hawaye, shi ke da gurbi na ɗaya a zaɓe mai zuwa. Kuma a shekarar akwai wani mai jifa da kowa ya yarda ba a ga irinsa ba cikin shekara ashirin. Na wa ne gurbin? Na Gaffney. Duk dukan da suka sha, duk Lahadin da magoya baya suka koma gida da jakar takarda a ka don kunya, wa suka yi wa aiki? Gaffney. Kuma na shekara mai zuwa ma nasa ne.

Ranar Litinin bayan wasan ƙarshe, Madam Kessel ta kira shi. Ya shiga da bayanai a fayil, ta ce ya ajiye.

Ta ce, "Na sha kashi a wannan harka tun kafin a haife ka, shan kashi ba ya sa in kori mutum. Dunleavy ya zo wurina kafin Kirsimeti. An mai da shi abin dariya a kan labarin nan, ya ce gara in san wanda ya ba shi. Hujja na ce ka kawo mini, sai ka ƙera mini. Ka bar makullan a wurin sakatariya."

Masu ƙungiyoyi talatin da biyu ne kacal, kuma suna cin abinci tare. Kafin ƙarshen mako duk sun ji.

A ƙarshen Janairu akwai makon nan da ake tara fitattun 'yan wasan jami'o'i a kudu, inda marasa aiki ke zuwa da kwat suna gaisawa da masu aiki. Mutumin namu ya je. Wanda bara ake layi a gaishe shi, bana mutane suna ganinsa sai waya ta kama su. Ya hau benen kallo, sai ga Gaffney a zaune cikin rana, kusa da shi kuma Pruitt da takardarsa ruwan ɗorawa da kofinsa, sanye da hular ƙungiyar Gaffney.

Ya so ya juya, Gaffney ya ɗaga masa hannu. Suka gaisa. Abin da ke cin sa wata tara ya fito da kansa. Ya ce, "Royce, abu ya wuce, ka gaya mini. Na shida ne a ɗaya wayar?"

Gaffney ya yi 'yar dariya ya ce, "Ɗaya wayar? Matata ce, tana tambaya ko in taho da madara. Ba wanda ya kira ni a kan yaron nan sai kai. Da ka zauna a sha huɗu da ya zo ya same ka da hularsa."

"To jirgin fa? Da gidan naman?"

"Da na ji labarin Dunleavy na kira manajan na shida, abokina ne, ya yi dariya har ya ƙware. Sai na ce to, duk wanda ya ƙirƙiro wannan yana mutuwar son yaron, kuma mutum ɗaya ne ke ta kirana. Na ce bari in ɗan taya shi. Gidan naman ban san wanda ya ƙara ba. Zancen jirgin dai ni na ƙirƙiro shi."

Mutumin namu ya juya. Ya dubi Pruitt yana jiran zagi, da ma zagin zai fi masa sauƙi. Dattijon bai ɗaga ido daga fili ba. Ya tofar da ɓawo a kofi ya ce, "Na tambaye ka, ɗana."

Bai ƙara samun aiki a harkar ba. Tavian an yi masa aiki sau biyu a kafaɗa, hannun bai koma yadda yake ba, yana da shekara ashirin da huɗu ya bar wasa. Wannan ne ya fi ci mini rai a labarin, don yaron bai yi wa kowa ƙarya ba.

Na ga wani a baya yana motsi, zai ce, Malam, ai Gaffney ma ya yi ƙarya, ga shi ya ci riba. Gaffney yana da nasa hisabin, kuma ba a rufe littafinsa ba tukuna. Amma ku tambayi kanku, da me ya kama mutumin namu? Da igiyar da shi mutumin ya tufka da hannunsa. Da bai yi ƙaryar farko ba, da Gaffney ba shi da abin da zai ɗora jirgi a kai.

Ya 'yan uwa, maƙaryaci yana zaton shi ke riƙe da maganarsa. Da ta bar bakinsa ta zama ta kowa, ta yi yawo, a yi mata ado, ta dawo masa bai gane ta ba. Ranar da ya fi buƙatar ya san gaskiya don ya auna abin da zai biya, sai ya tarar ya lalata ma'aunin da kansa. Mutumin nan ya iya lissafi fiye da kowa a ɗakin. Takardar maki tana gabansa, mai gaya masa gaskiya yana kusa da shi. Me ya hana shi gani? Ƙarya ɗaya da ya raina, da girman kan da ya hana shi cewa ni ne.

Kuma kada wani ya ce shi ba manaja ba ne. Kai da ke gaya wa mai sayen motarka cewa wani yana zuwa da kuɗi anjima, alhali babu kowa, me kake yi? Ke da kika ce wa 'yar uwarki "an ce", alhali ke kika ce, me kike yi? Kai da kake cewa ai haka kowa ke yi a sana'armu, kowa ne zai tsaya maka ranar da za a tambaye ka? Idan akwai wanda ya tambaye ka gaskiya ka rantse masa a kan ƙarya, kuma yana raye, kada ka kai gobe ba ka je ka same shi ba.

Allah ya tsarkake harsunanmu. Allah ya ba mu masu gaya mana gaskiya, ya ba mu kunnen jin su tun agogo bai ƙare ba. Allah ya kiyaye mu daga ƙaryar wasu, ya kiyaye mu daga tamu. Amin.